Duhun Tokyo, Alƙalamin Kuala Lumpur: Yadda Wasannin Ban Tsoro Ke Komawa Littafin Zane

Da zarar ƙarfe shida na yamma ta yi, tashar jirgin ƙasa ta Abdullah Hukum ba ta da masakar tsinke. Ma'aikata na kwararowa daga dogayen benayen KL Eco City, ɗaliban Jami'ar Malaya na saukowa daga jirgin da ya kwaso su tasha biyu baya, kowa kansa sunkuye a kan waya. Wanda bai yi niyyar gida ba sai ya bi gadar ƙafa da ta ƙetare kogin Klang, ya faɗa Mid Valley, katafariyar kasuwar zamanin nan da aka buɗe a 1999, wadda har yau take cikin mafiya cunkoso a Kuala Lumpur.

A kantunan littattafai na irin waɗannan wurare, zanen Japan da ake kira manga shi ke da bango guda. Littattafan zane na Turawa kuwa ɗan lungu ake ba su, kowanne a naɗe cikin leda don kada a karance shi a tsaye. A irin wannan lungu ne mutum kan ci karo da bangon littafi baƙi ƙirin: wani jarumi cikin tsohon sulke, takobi a hannu, rusasshen gini a bayansa. Sunan da ke sama, Dark Souls ko Bloodborne, na wasan bidiyo ne da aka ƙirƙira a Tokyo. Kamfanin da ya buga littafin na Landan ne. Amma idan ka duba sunan wanda ya zana littafin Dark Souls na farko, za ka ga Alan Quah, ɗan Malesiya.

Shekaru goman da suka wuce sun ga yayin mayar da wasan bidiyo fim, ko shirin talabijin, ko littafin zane. Galibi abin ba ya buƙatar dogon nazari: wasa ya yi kasuwa, sai a tatsi sunansa. Waɗannan wasanni biyu sun fita daban, domin an gina su ne a kan ƙin ba da labari. Shi kuwa littafi, ba shi da sana'ar da ta wuce ba da labari.

Wasan da ke riƙe bakinsa

Kamfanin FromSoftware ya fitar da Demon's Souls a 2009, Dark Souls a 2011, sai Bloodborne a watan Maris na 2015. Dukkansu sun fito ne a ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, wanda ya zama shugaban kamfanin a 2014. Abu na farko da aka san su da shi shi ne wahala. Mai wasa zai mutu sau goma, sau hamsin, a hannun dodo ɗaya, ya farka a inda ya faro, ya sake tattaki. Ba a rage maka, ba a lallashinka.

Abu na biyu shi ne yanayi. Bloodborne ya ɗauko salon Gotik, wato adabin tsoro na Turai da ya faro daga littafin Horace Walpole a 1764, ya biyo ta Frankenstein a 1818 da Dracula a 1897: majami'u masu tsinin hasumiya, makabartu, hazo, gidajen sarautar da suka ruɓe daga ciki. Birnin wasan sunansa Yharnam. Mutanensa sun gano wani jini mai warkar da kowace cuta, wata majami'a ta riƙe ragamar rabonsa, baƙi na zuwa daga nesa neman lafiya. Jinin nan kuma shi ke mayar da su namun daji. Kai mai wasa maharbi ne da aka saka a titi cikin daren farauta. Kana tsakiyar wasan sai ƙasa ta zame maka: ashe ba labarin kuraye da masu shan jini ba ne, labarin wasu halittu ne da hankalin ɗan Adam ba ya iya ɗauka, irin na marubucin Amurka H. P. Lovecraft.

Duk wannan ba wanda zai zaunar da kai ya faɗa maka. Sai dai ka tsinta: layi biyu a bayanin wata riga da ka cire daga gawa, wata magana da mahaukaci ya yi ta bayan ƙofa, mutum-mutumin da aka ajiye a inda bai kamata ba. Miyazaki ya taɓa shaida wa jaridar Guardian cewa ya tashi cikin talauci a Shizuoka, yana aron littattafan da suka fi ƙarfin karatunsa daga laburare, inda bai gane ba sai ya dubi hotuna ya cike giɓin da tunaninsa. Wannan giɓi shi ya mayar jari. Akwai mutanen da suka mayar da fashin baƙin waɗannan wasanni sana'a a YouTube, suna da mabiya miliyoyi, kuma har yau ba a daina musu a kan abin da ya faru a Yharnam ba.

Kasuwa ta amsa. Zuwa 2020 jerin Dark Souls ya haura kwafi miliyan 25. Elden Ring, shi ma na FromSoftware, wanda ya fito a 2022 da gudummawar marubuci George R. R. Martin, ya wuce miliyan 20 cikin shekara guda. Inda kuɗi irin wannan yake, mabuga littafi ba sa nisa.

Tokyo ta ba da izini, Landan ta buga, Malesiya ta zana

A 2016, daidai lokacin da Dark Souls III ke fitowa, kamfanin Titan Comics na Landan ya fara buga labarin zane mai suna The Breath of Andolus, kashi huɗu. Izini ya fito daga Bandai Namco, mai rarraba wasan a wajen Japan. George Mann, marubuci ɗan Birtaniya, ya tsara labarin. Alan Quah ya zana, ɗakin zanensa na Komikaki ya sa launi. Ba baƙo ba ne a harkar: ya riga ya sa hannu a littafin zanen Godzilla da ya raka fim ɗin 2014. Kafin shi ma akwai 'yan ƙasarsa irin su Tan Eng Huat da Billy Tan da suka yi wa DC da Marvel aiki tun shekaru da dama.

Labarin na wata jaruma ce, Fira, wadda tsinuwa ke cinye mata tunani, ta fita neman haƙorin wani macijin wuta domin a sake hura wutar da ke riƙe da duniya. Zanen ya cika ido. Quah mutum ne mai son cika shafi: kowace ƙusa a sulke, kowane tsagin bango, kowane haƙori a bakin dodo, sai ya zana shi. Wanda ya saba da zanen jaruman Amurka masu jan kamfai zai ga bambanci nan take.

Amma masoyan wasan da yawa sun karɓi littafin da yatsina. Ƙorafinsu bai wuce ɗaya ba: wannan ai labarin takobi da tsafi ne na yau da kullum, aka lulluɓa masa sunan Dark Souls. Jarumar tana magana, tana bayyana damuwarta, ana gaya maka inda za a je da dalili. Ƙasar da labarin ya faru ba ta cikin wasan. Har an samu wani abokin tafiyarta mai suna Aldrich, sunan da ya zo ɗaya da na wani babban dodo a Dark Souls III, abin da ya ƙara rikita masu neman alaƙa.

A ganina, an ɗora wa marubucin da mai zanen laifin da ba nasu kaɗai ba. Wanda ya karɓi aikin izini ba shi da ikon taɓa zuciyar abin da aka ba shi. Mamallakin wasan ba zai yarda wani marubuci a Ingila ya warware sirrin da shi ya ɓoye da gangan ba, don sirrin shi ne abin sayarwa. To idan an hana ka tsakiyar gida, sai ka gina rumfa a waje. Haka Mann da Quah suka yi, suka sake yi a Winter's Spite, labarin wani mayaƙi a ƙasar ƙanƙara, wanda ya fara fitowa a ƙarshen shekarar. Sai a 2018, da The Age of Fire na Ryan O'Sullivan da Anton Kokarev, aka bar littafin zane ya shiga tarihin wasan kai tsaye, ya taɓa zamanin sarki Gwyn da mayaƙansa.

Yadda aka shiga Yharnam

Bloodborne ya fi sa'a. Shi mallakar Sony ne, kuma a Fabrairun 2018 Titan ya miƙa shi ga Aleš Kot, marubuci haifaffen ƙasar Cek, da Piotr Kowalski, mai zane ɗan Folan. Ba ƙaramin dacewa ba ne, tunda masu ƙera wasan da kansu sun ce gine-ginen ƙasar Cek da Romaniya na cikin abin da suka kalla wajen tsara Yharnam. Mutanen nan biyu sun tashi ne a ƙarƙashin irin waɗannan hasumiyoyi.

Kot ya gane abin da ya kamata ya ɗauko daga wasan: ba dodanni ba, mutuwa da maimaici. Kashin farko, The Death of Sleep, ya bi wani maharbi marar suna da ke mutuwa yana dawowa, yana tuna abin da ya riga ya faru kamar mafarki, har aka damƙa masa wani yaro da ake zaton jininsa ne mafita. Abin da mai wasa ke ji a yatsunsa bayan ya faɗi karo na ashirin, shi aka mayar halin ɗan Adam a takarda: gajiya, shakka, da tambayar ko akwai wani abu bayan wannan dare.

Kashi na biyu, The Healing Thirst, ya ajiye takobi gaba ɗaya. Wani likita da wani limamin majami'a ne ke bin sawun annobar, kowa ta hanyarsa, ɗaya da kwalaben gwaji, ɗaya da imani, dukkansu suna kusantar amsar da ba sa so. Wanda ya karanta shi bayan 2020 zai ji wani abu ya taɓa shi da marubucin bai yi niyya ba. Na uku, A Song of Crows, ya ɗauki Eileen, tsohuwar maharbiyar da aikinta kashe maharban da jini ya haukata. A nan Kot ya kusa daina magana; shafuka na wucewa da kalmomi ƙalilan ko babu, lokaci na gaba yana baya. Na huɗu, The Veil, Torn Asunder, ya rufe jerin a 2019, ƙananan littattafai 16 ke nan jimilla. Daga 2022 Cullen Bunn ya karɓi alƙalami da Lady of the Lanterns, Kowalski na nan a kan zane.

Ba kowa ya yaba ba. Akwai masu cewa kashi na uku da na huɗu sun wuce gona da iri, mutum ya biya kuɗinsa ya gama cikin minti goma bai san abin da ya karanta ba. Ƙorafin yana da tushe. A wasa, idan ba ka gane labari ba kana da faɗa da za ka yi, hannunka na aiki. A littafi ba ka da komai sai shafin. Duk da haka, tsakanin littafin da ya yi surutu har ya kashe sirri da wanda ya yi shiru har ya gundure ka, na biyun ya fi kusa da gidan da ya fito.

Japanawa da kansu sun bi wata hanya ta uku, mai ban dariya. Da aka zo mayar da Elden Ring manga a 2022, sai aka ba Nikiichi Tobita ya yi shi barkwanci: zane mai nauyi kamar na jana'iza, jarumi kuwa wawa, yana yawo kusan tsirara. Kamfanin Kadokawa ya sake shi a harsuna goma sha biyu. Wato maimakon a yi gasa da duhun wasan, sai aka yi masa dariya. Ga kuma wani zagaye da masu wasan suka sani sarai: waɗannan wasanni tun asali sun sha daga littafin zane, Berserk na Kentaro Miura, wanda ya fara a 1989, marubucinsa ya rasu a 2021. Takarda ta haifi wasa, wasa ya dawo neman takarda.

Hannun haya

Tasha ɗaya daga Abdullah Hukum akwai Kerinchi. Sunan na mutanen Kerinci ne na tsibirin Sumatra da suka kafa ƙauyuka a nan tun ƙarni na 19. Haji Abdullah Hukum da aka sa wa tashar sunansa shugabansu ne. Ƙauyensa an share shi aka dasa benaye. Maƙwabciyarsa kuma, Kampung Kerinchi, masu gine-gine suka raɗa mata Bangsar South, don ta ɗanɗani martabar Bangsar, unguwar masu hali. Ɗan majalisar Lembah Pantai, Fahmi Fadzil, ya yi fafutukar a dawo da sunan Kampung Kerinchi, aka kuma sanar da hakan a farkon 2019, ko da yake allunan benayen ba su canja ba.

A cikin waɗannan benaye ne hukumar bunƙasa tattalin arzikin dijital ta ƙasar, MDEC, ta buɗe Level Up Inc, wurin renon ƙananan kamfanonin wasan bidiyo. Gwamnatin Malesiya ta daɗe tana zawarcin wannan masana'anta, tun shirin firaminista Mahathir Mohamad na babbar hanyar fasahar sadarwa a 1996. Zawarcin ya yi aure. Bandai Namco ya buɗe reshe a ƙasar a 2016. Larian, masu Baldur's Gate 3, suna da ɗakin aiki a Kuala Lumpur. Sony ya kafa PlayStation Studios Malaysia a 2020. Streamline Studios ya yi aiki a Street Fighter V da Final Fantasy XV. Shi kuwa Passion Republic, kamfanin 'yan ƙasa, yana cikin waɗanda suka yi aikin zane a Dark Souls III kansa. Ma'ana, a shekara guda, hannun 'yan Malesiya na cikin wasan, yana kuma cikin littafin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matasan na jin Turanci, da yawa na jin Sinanci, sun tashi da manga da zanen Amurka a lokaci guda, makarantu irin su The One Academy da Jami'ar Multimedia na yaye su duk shekara. Sannan albashinsu bai kai rabin na takwaransu na Kalifoniya ko Tokyo ba. Kamfanin ƙetare zai aiko da zanen farko da umarni, a nan a sassaƙa sulken, a ƙera takobin, a gina bangon majami'ar tubali bayan tubali a kwamfuta, a mayar.

Masu goyon bayan tsarin na cewa a nan aka koyi sana'ar, kuma ba ƙarya suka yi ba. Yaron da ya sassaƙa dodo wa FromSoftware ya ga ma'aunin da ba zai gani a aji ba, ya kuma ci abinci da zanensa ba tare da ya bar iyayensa ya tafi ƙetare ba. Masu suka na nuni da wani gefen. A 2021 tashar binciken nan ta People Make Games ta fitar da rahoto inda tsofaffin ma'aikatan Lemon Sky na Kuala Lumpur da wani kamfani a Indonesiya suka yi zargin ana sa su aikin da ya kai awa 70 a mako ba tare da kuɗin ƙarin lokaci ba. Lemon Sky ya musanta. Ko ma mene ne gaskiyar wannan zargi, tsarin mallaka ba ya buƙatar bincike: wanda aka yi hayar hannunsa an biya shi sau ɗaya, wanda ya mallaki sunan yana karɓa duk ranar da aka sayar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mai zanen littafi ya ɗan fi, tunda sunansa na kan bango, amma Fira ba tasa ba ce, ba zai iya ci gaba da labarinta don kansa ba.

Abin lura, Malesiya na da nata jaruman da ta mallaka, har sun ƙetare iyaka: Upin da Ipin tun 2007, BoBoiBoy tun 2011, Ejen Ali tun 2016. Kafin su akwai Lat, wanda littafinsa na The Kampung Boy na 1979 ya zaga duniya, da mujallar barkwanci ta Gila-Gila da ta fara a 1978. Duka dai na yara ne ko na raha. Idan aka zo kan duhu, na manya, mai jini da tambayar addini, sai ka ga hannun na gida ne, sunan na waje.

Almakashin hukuma

Ba don ƙasar ta rasa abin tsoro ba ne. Malayawa na da pontianak, fatalwar macen da ta mutu wurin haihuwa. Suna da toyol, ɗan aljanin da ake aike sata. Suna da penanggal, kan mace da ke yawo da dare da kayan ciki a rataye. Fim ɗin Pontianak na 1957 ya yi tashe ƙwarai. Daga baya hukumar tace finafinai ta matse irin waɗannan finafinai na tsawon shekaru kusan talatin, sai a 2004 Pontianak Harum Sundal Malam na Shuhaimi Baba ya sake buɗe ƙofa. A 2011 Mahathir, yana tsohon firaminista, ya fito ya soki yawaitarsu, yana ganin suna cusa camfi. Finafinan tsoron da suka fi cin kasuwa bayan nan, irin su Munafik na Syamsul Yusof a 2016, sun tsaya ne a cikin da'irar addini: malami, ruƙiyya, shaiɗan, tuba. Bahaushe zai gane wannan tsari ba sai an yi masa bayani ba.

Littafi kuwa yana ƙarƙashin dokar ɗab'i ta 1984, wadda ta ba ma'aikatar cikin gida ikon haramta duk abin da ta ga zai taɓa tarbiyya ko zaman lafiya. Littafin zane bai tsira ba. A 2014 an haramta wani ɗan littafin Ultraman da aka fassara zuwa Malayanci saboda an yi amfani da sunan Allah wajen siffanta wani jarumin ciki. A 2023 an haramta kashi na uku na When I Was a Kid na Cheeming Boey bayan an yi zanga-zanga a Jakarta kan yadda ya ambaci wata 'yar aiki 'yar Indonesiya. Mai zanen siyasa Zunar ya ga an hana littattafansa da dama. A ɓangaren wasa, a Satumban 2017 hukumar sadarwa ta toshe dandalin Steam na ɗan lokaci saboda Fight of Gods, wasan da ya haɗa waɗanda mabiya addinai ke girmamawa dambe, har sai da aka cire shi daga kasuwar ƙasar. Ma'aikatar da hukumar ke ƙarƙashinta, Fahmi Fadzil na Lembah Pantai ne aka damƙa wa ita a ƙarshen 2022.

Duba jerin da kyau za ka ga abin da ke tayar da hukuma: addini na gaske, ƙabila, siyasa, maƙwabta. Jini kawai ba ya cika tayar da ita. Majami'ar Yharnam ƙagaggiya ce, allolinta ba su da mabiya a kowace unguwa, littafin da Turanci yake, kuma tsadarsa kaɗai ta isa katanga. Amma a ce wani matashi a Kerinchi ya zauna ya rubuta irin wannan labari da Malayanci, gidan ibadar da ke raba maganin da ke halaka jama'a, ya sa shi a garin da ya yi kama da nasu, to da wuya ya samu mabugi, balle ya kai kanti. Iyaye da malamai da ke goyon bayan tacewa na da hujjarsu: ƙasa ce mai Malayawa da Sinawa da Indiyawa, ta ɗanɗani rikicin ƙabilanci a Mayun 1969, ba ta son abin da zai tono shi. Masu zane kuma na cewa almakashin da ya fi kaifi shi ne wanda ke cikin kai, wanda ke yanke labari tun ba a rubuta shi ba.

Wa ke saye?

Kashi ɗaya na irin waɗannan littattafai dala huɗu ne a Amurka. Wanda aka haɗa kashi huɗu a ciki kan kai dala goma sha bakwai zuwa ashirin, wato ringgit saba'in ko fiye idan ya iso Kuala Lumpur, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama ringgit 1,700 a 2025. Da wannan kuɗi ɗalibi zai sayi littattafan zanen gida huɗu ko biyar na Gempak Starz. Wani abin sha'awa, Kadokawa da ya sayi FromSoftware a 2014 shi ne ya sayi mafi yawan hannun jarin Gempak Starz a shekarar da ta biyo.

Kantunan ma na raguwa. Borders, wanda ya daɗe a Malesiya bayan uwarsa ta Amurka ta mutu, ya rufe a 2023. Mai neman littafin yanzu ya fi oda ta Shopee, ko ya jira Comic Fiesta, taron masoya zane da ake yi tun 2002, wanda ke tara dubun dubatar matasa duk ƙarshen shekara. Da yawa kuma, mu faɗi gaskiya, a waya suke karantawa kyauta, daga shafukan da ba su biya kowa ba. Akwai kuma wani rukunin masu saye na daban. Bloodborne bai taɓa fita daga PlayStation ba, don haka wanda ba shi da na'urar, littafin da bidiyon YouTube su ne Yharnam ɗinsa.

Da a Kano ne

Ɗaliban Arewa da ke karatu a Jami'ar Malaya da sauran jami'o'in ƙasar ba baƙin gidan gem ba ne. Sai dai a Kano ko Zariya, PS na ƙwallo ne: a biya, a buga minti goma, wanda aka ci ya tashi. Wasan da ke buƙatar awa arba'in kai kaɗai, da wutar da ba ta ɗaukewa, bai dace da wannan kasuwa ba.

Amma kayan labarin muna da su jibge. Gandoki na Bello Kagara ya shiga ƙasar aljannu tun 1934. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya yi yaƙi da abin da ya fi ƙarfin mutum. Littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini sun cika da matsafa da birane masu ganuwar sihiri, matasa na sauraron su a rediyo da waya. Akwai Dodo, akwai kufai, akwai rijiyar Kusugu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu zana su. A Legas Comic Republic na fitar da jarumansa tun 2013, a Arewa kuwa littafin zane bai kafu ba, kuma wanda zai fara ya san da hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano, ya kuma tuna an taɓa ƙona littattafan hikaya a jihar a 2007. Matsalar mai zanen Kerinchi da ta mai zanen Fagge ba su da nisa, illa shi na can yana da wanda zai yi hayar hannunsa kafin ya samu nasa.

Wasu daga cikin masu hannun hayar sun fara juya cinikin. Wan Hazmer, wanda ya yi shekaru a Square Enix yana cikin jagororin tsara Final Fantasy XV, ya dawo gida ya kafa Metronomik tare da Daim Dziauddin, suka fitar da No Straight Roads a 2020. Passion Republic, bayan shekaru yana ƙera wa wasu dodanni, ya fitar da nasa wasan, GigaBash, a 2022, na manyan dodanni masu rusa birni. Ba Gotik ba ne, launinsa garau, yara na bugawa. A ƙarshen shekarar kamfanin ya karɓi izinin Godzilla daga Toho na Japan ya saka shi cikin wasan a matsayin baƙo, a 2023 kuma ya ƙara da Ultraman.